Tasirin Muhallin Unguwa a kan Motsa Jiki da Lafiyar Yara da Matasa

Abin da muke nufi da muhallin unguwa a wannan bayani shi ne duk abin da yaro ke tararwa da zarar ya fito daga zauren gidansu: hanyar da zai bi zuwa makaranta ko kasuwa, filin da zai yi wasa, inuwar da zai fake, kwatar da zai tsallaka, har da mutanen da ke zaune a bakin hanya suna ganin wucewarsa. Masana kiwon lafiya sun daɗe da lura cewa yawan motsin da yaro ke yi a yini bai tsaya ga halinsa ko tarbiyyar gidansu kaɗai ba. Yaron da ke da fili kusa da gida zai yi guje-guje ko ba a ce ya yi ba. Wanda kuwa ƙofar gidansu ke kallon babban titi, uwarsa za ta tsare shi a ɗaki, kuma ba wanda zai ga laifinta. Mun shirya wannan bayani ne domin mazauna karkara da ƙananan garuruwa, da kuma masu unguwanni, dagatai, hakimai, kansiloli da ma'aikatan ƙananan hukumomi, waɗanda mafi yawan gyaran da ake buƙata a hannunsu yake.

Gwargwadon motsin da jiki ke buƙata

A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020, ana son yaro mai shekara 5 zuwa 17 ya sami aƙalla minti 60 a kowace rana, idan an kwatanta a mako, yana motsin da zai sa numfashinsa ya ɗaga, zuciyarsa ta ƙara bugawa. Tafiya da sauri, tuƙa keke, langa da ƙwallon ƙafa duk suna ciki. Haka kuma ana son a cikin mako, aƙalla kwana 3, ya yi wasa mai ƙarfi irin na tsalle da gudu, wanda ke gina ƙashi da tsoka. Dalili shi ne kaso mai yawa na ƙarfin ƙashin da mutum zai rayu da shi har tsufa ana tara shi ne a shekarun balaga, kuma ƙashi yana ƙara ƙwari ne idan ana ɗora masa nauyin jiki ta hanyar dira da tsalle. Motsi yana kuma taimakon zuciya da huhu, yana daidaita sukarin jini, yana gyara barci, yana rage damuwa.

Wani babban nazari da hukumar ta jagoranta, wanda aka wallafa a 2019, ya duba ɗalibai miliyan 1.6 masu shekara 11 zuwa 17 a ƙasashe 146. An tarar kashi 81 cikin 100 ba sa samun wannan minti 60 ɗin: kashi 85 a cikin mata, kashi 78 a cikin maza. Dangane da rawar da unguwa ke takawa kuwa, wani nazari na 2016 a birane 14 na ƙasashe 10 ya nuna cewa manyan da ke zaune a unguwannin da suka fi dacewa da tafiyar ƙasa suna ɗara waɗanda ke unguwannin da ba su dace ba da minti 68 zuwa 89 na motsi a kowane mako.

Aiki daban, wasa daban

Mai karatu a karkara zai iya cewa wannan matsalar 'yan birni ce, domin yaron ƙauye yana kiwo, yana ɗebo ruwa, yana yin itace, yana noma da damina. Akwai gaskiya a wannan magana, kuma yawancin yaran karkara ba zama ne ke damunsu ba. Sai dai ya kamata mu bambanta abu biyu. Yarinya 'yar shekara 10 da ke ɗaukar jarka mai lita 25 tana ɗauke da kilo 25 ne a ka, wanda ya kusan kai nauyin jikinta gaba ɗaya. Wannan ba ya gina jiki, wuya da baya yake gajiyarwa, kuma yakan cinye lokacin makaranta. Bugu da ƙari, binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, kuma abin ya fi tsanani a arewa maso yamma. Yaron da ya tashi a haka, aiki mai nauyi ƙara rage masa ƙarfi yake yi.

Wasa yana ba yaro abin da aiki ba ya bayarwa. A wurin wasa ne yake koyon bin ƙa'ida, jiran layinsa, haƙurin shan kaye da sasantawa da wanda suka yi faɗa da shi jiya. Shi ya sa Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989, wadda Najeriya ta amince da ita a 1991, ta sanya hutu da wasa cikin haƙƙoƙin yaro a sashe na 31. Don haka rijiyar burtsatse da aka haƙa a tsakiyar gari tana da hannu a wannan batu, tun da tana mayar wa yara sa'o'in da suke kashewa a hanyar rafi.

Dandali da makomar filaye

Garin Bahaushe na da can bai rasa wurin wasa ba. Kusan kowace unguwa tana da dandali, galibi a gindin wata ceɗiya ko durumi, ko a ƙofar gidan mai gari. Da farin wata ya fito yara maza su yi langa da ɓuya da a-sha-ruwan-tsuntsaye, 'yan mata su yi gaɗa, bayan kaka kuma a yi kokawa da dambe. Akwai sarkin samari da ke tsawatarwa, dattawa kuma suna daga nesa suna gani. Wanda ya taɓa yin langa ya san cewa tsalle da ƙafa ɗaya na 'yan mintuna yana fitar da zufa kamar kowane wasan zamani, kuma ba ya buƙatar ko sisin kwabo. Waɗannan wasanni ba su mutu ba: dambe, kokawa da langa suna cikin wasannin gargajiya da ake fafatawa a gasar wasanni ta ƙasa, wadda aka fara a Legas a 1973, a Jamhuriyar Nijar kuwa gasar kokawa ta neman takobi, da aka fara a Tawa a 1975, ita ce babban bikin wasa na ƙasar.

Abin da ya ragu shi ne filin. Yayin da gari ke girma, kuɗin ƙasa na tashi, sai a yanka gonakin bakin gari a sayar da su fuloti-fuloti, abin da ake kira awon igiya. Mai gona yana son fuloti mafi yawa, don haka yakan matse hanya ta koma lungu, ba ya barin filin makaranta, balle na wasa. Bayan shekara goma sai a wayi gari da unguwa mai gidaje ɗaruruwa, ba inda yara za su buga ƙwallo sai kan titi ko cikin kangon da ba a gama ginawa ba. Sayen fili a lokacin ya riga ya gagari kowa. A tsofaffin unguwanni kuma dandali yakan tafi a hankali ne: yau a kafa rumfar mai shayi, gobe a jibge yashi da bulo, jibi a ce ai wurin gadon wani ne.

Filin makarantar firamare shi ne ya fi shan wannan wahala. Sau da yawa wani bawan Allah ne ya ba da shi kyauta shekaru da dama da suka wuce, da baki kawai, ba takarda ba alamar iyaka. Idan ya rasu, magada ko maƙwabta su fara shigowa taku-taku. Wani lokaci kuma hukuma ce da kanta ke jera shaguna a jikin katangar makaranta da sunan samun kuɗin shiga, ko a dasa sabon ginin ajujuwa a tsakiyar filin ƙwallo saboda nan ne ya fi sauƙin aiki ga ɗan kwangila. A ganinmu wannan ciniki ne na asara. Kuɗin hayar shago ana kashe su a wata guda, filin kuwa idan ya tafi ba ya dawowa.

Yana da kyau a san cewa ba sai an sami babban fili ba. Cikakken filin ƙwallon ƙafa yana da tsawon mita 90 zuwa 120, faɗinsa mita 45 zuwa 90, kuma ba kowane gari ne zai iya fitar da shi a tsakiyarsa ba. Amma filin ƙwallon hannu mita 40 ne da 20, na ƙwallon raga mita 18 da 9. Fuloti biyu masu ƙafa 50 da 100 idan aka haɗa su sun ba da kimanin mita 30 da 30, wanda ya ishi yaran unguwa guda. Ga ƙananan yara kusanci ya fi girma muhimmanci, domin iyaye ba sa barin ɗan shekara 7 ya je inda kira ba zai kai gare shi ba. Ƙananan filaye uku a unguwanni uku sun fi yi musu amfani a kan katafaren filin wasa guda a bayan gari wanda ke kulle sai ranar gasa. Filin idi ma, wanda ake amfani da shi sau biyu a shekara, wasu garuruwa sukan yarda yara su yi wasa a wani gefensa bisa sharaɗin tsabta da izinin limamai da dattawa.

Hanya da abin hawa

Tafiya makaranta da ƙafa ko a keke ita ce hanya mafi sauƙi da yaro ke samun rabonsa na motsi, domin minti 15 zuwa da minti 15 dawowa sun biya rabin abin da ake buƙata. Abin da ke hana wannan shi ne tsoron mota da babur, kuma tsoro ne mai dalili. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara a duniya, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29.

Gudu shi ne tushen matsalar. Motar da ke tafiyar kilomita 30 a awa tana cin kimanin mita 8 a daƙiƙa guda, mai tafiyar 60 kuwa kusan mita 17, tun kafin direba ya kai ƙafarsa kan birki. Idan gudu ya ninka biyu, nisan da mota ke buƙata ta tsaya bayan an taka birki yana ninkawa huɗu. Wannan ne ya sa taron ministoci na duniya da aka yi a Stockholm a 2020 ya nemi a tsayar da iyakar gudu a kilomita 30 a duk inda motoci ke cuɗanya da masu tafiya a ƙasa. Yaro ƙarami ba ya iya auna saurin motar da ke tahowa kamar yadda babba ke yi, ga shi gajere, direba ba ya hango shi daga bayan motar da aka ajiye.

Garuruwa da yawa sabon titi ya raba su biyu, makaranta a wannan gefe, gidaje a wancan. Idan aka buge yaro sai matasa su fusata su jera itatuwa ko su gina tudu mai tsini da dare, wanda shi ma yakan kayar da masu babur. Abin da ya dace shi ne a rubuta wa hukumar da ke da titin, a sanar da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, a gina tudun rage gudu mai faɗi da fenti da allon gargaɗi. Kafin nan, akwai abin da ba ya cin kuɗi: a mayar da ƙofar makaranta ɓangaren da ba ya kallon titi, a hana kasa kaya a kafaɗar hanya inda yara ke bi, kuma a sa babba guda ya riƙa tsallakar da ɗalibai da safe da lokacin tashi.

Inuwa, ruwa da ƙasar da ake wasa a kai

Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40 a wurare irin su Sakkwato da Maiduguri. A irin wannan yanayi fili marar inuwa ba shi da amfani daga hantsi har la'asar. Layin darbejiya a gefen yamma na filin makaranta da kuma bakin hanyar da yara ke bi yana ƙara sa'o'in da za a iya amfani da wurin. Dashen ba shi ne aikin ba, rainon shi ne: kowace bishiya tana buƙatar kariya daga awaki da ban ruwa a ranin farko da na biyu, kuma an fi samun nasara inda aka damƙa wa kowane aji bishiyoyinsa. Lokacin wasannin makaranta ma a mayar da shi safiya a watannin bazara, a ajiye randa ko tulu kusa.

Kududdufi shi ne wurin iyo na yaran gari da yawa, kuma yana da haɗari iri biyu. Na farko nutsewa, musamman a ramukan da aka ɗebi ƙasar gini ko ta aikin titi, masu zurfi da gefe mai santsi. Na biyu tsargiya. Mai cutar idan ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen tsutsar suna ƙyanƙyashewa su shiga jikin wata ƙaramar katantanwa, daga nan su fito su huda fatar duk wanda ya shiga ruwan. Fitsarin jini ga yaro ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu ke ɗauka, cuta ce da ke jawo ƙarancin jini da lalata mafitsara, kuma tana da magani da ake rabawa a makarantu. Haka nan filin da aka mayar juji ko wurin bahaya yana yaɗa tsutsar ciki da ke shiga ta tafin ƙafa, ga fasassun kwalabe da ƙusoshi. Jihar Jigawa, wadda a 2022 ta zama ta farko a ƙasar nan da aka ayyana ta rabu da bahaya a fili, ta nuna cewa ana iya magance wannan a karkara.

Babu misalin da ya fi nuna muhimmancin ƙasar unguwa kamar abin da ya faru a jihar Zamfara a 2010. A ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma, mutane suna kawo duwatsun zinariya gida suna niƙawa. Duwatsun suna ɗauke da dalma mai yawa, ƙurar ta bi tsakar gida da lunguna inda yara ke rarrafe da wasan ƙasa. Yara aƙalla 400 suka rasu, dubbai suka buƙaci magani. Likitoci sun tarar cewa magani ba ya amfani matuƙar yaro zai koma kan ƙasar nan, sai da aka kankare saman ƙasar gidaje da filaye aka zuba sabuwa; a Bagega wannan aiki bai samu ba sai 2013. A 2015 irin haka ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Duk garin da ake haƙar ma'adinai ya fitar da niƙa da wanki bayan gari. Haka kuma masu fasa tsofaffin baturan mota, su ma dalma suke watsawa.

'Yan mata

A 2014 masu bincike daga Jami'ar Maiduguri sun wallafa nazarin da suka yi a kan ɗaliban sakandare kimanin 1,000 a birnin. Sun ga alaƙa tsakanin yanayin unguwa da motsin yara maza, amma ba su ga irinta a wajen 'yan mata ba. Wannan bai ba mu mamaki ba. Ko an buɗe fili, maza ne ke mamaye shi, yarinya kuma da ta fara girma ba za ta yi tsalle a inda samari ke zaune a majalisa suna kallo ba, iyayenta ma ba za su yarda ba. Ke nan abin da ke buɗe wa 'yan mata hanya shi ne sutura da amana: fili mai katanga, malama mace da ke kula, lokaci na musamman da ba a haɗa su da maza ba, kayan wasa da suka dace da tarbiyyar gari, da ban-ɗaki mai ƙofa da ruwa. Makarantar Islamiyya ko ta boko mai katanga za ta iya ware yammaci biyu a mako don wannan. Gaɗa, tsallen igiya da ƙwallon raga duk ana yin su a ɗan ƙaramin wuri. Yara masu lalurar ƙafa ko ta gani su ma a tuna da su wajen gyaran ƙofa da rufe kwata.

Dare da tsaro

A yankunan da 'yan bindiga suka addaba, wasan farin wata ya tsaya, kuma sace ɗalibai a Ƙanƙara a 2020 da Jangebe a 2021 ya sa iyaye da yawa sun daina sakin yara nesa da gida. A irin waɗannan wurare wasa sai da rana, a tsakiyar gari. Inda ake zaune lafiya kuwa, fitila mai amfani da hasken rana guda biyu ko uku a dandali tana mayar da shi wurin jama'a bayan magariba. Fili mai duhu da ba mai kula da shi, ko kangon da aka yi watsi da shi, shi ne masu shaye-shaye ke mayarwa matattara. Ƙungiyar ƙwallo ba ta warkar da shaye-shaye, amma tana cike sa'o'in yamma, tana kuma sa saurayi ƙarƙashin idon wani babba da yake jin nauyinsa.

Hurumin ƙaramar hukuma da shugabannin gari

Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya lissafa gina da kula da tituna, fitilun hanya, magudanan ruwa, wuraren shaƙatawa da filayen jama'a, tare da kwashe shara, cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta sanya filayen birane a hannun gwamna, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon ba da haƙƙin mallaka na gargajiya a filayen da ba na birni ba, da ikon karɓar fili domin amfanin jama'a bisa biyan diyya. Don haka kansila ko shugaban sashen ayyuka da ya nemi a sa gyaran fili cikin kasafin shekara bai fita daga huruminsa ba.

Matakin farko shi ne ƙidaya. Mai unguwa da kwamitin kula da makaranta su zaga tare da yaran kansu, maza da mata, domin su ne suka san lungun da ake jin tsoro da ramin da ke cika da damina. A rubuta kowane fili na jama'a, girmansa da wanda ya ba da shi. Daga nan a nemi jami'in filaye na ƙaramar hukuma ya auna, a kafa duwatsun iyaka, a dasa bishiyoyi a kan layin, a yi takarda da sa hannun dagaci da magadan wanda ya yi kyautar tun shaidu suna raye. Kwafi guda ya zauna a makaranta, guda a wurin hakimi, guda a sakatariya. Idan kuma za a yanka sabuwar gona, dagaci da mai unguwa, waɗanda da saninsu ake cinikin, su ne ke da damar neman a fitar da hanya mai faɗi da fuloti biyu na yara kafin a sayar da na farko. Sharar fili, cike ramuka da kafa turakun raga kuwa aikin gayya ne na safiya guda, kuma ya fi sauƙi bayan an gama girbi, lokacin da samari ke gida kafin su tafi cin rani.